Wasan da Landan Ta Shafe, Jos Ta Ajiye

A cikin watan Oktoba na shekarar 2013 hukumar BBC ta tara 'yan jarida a birnin Landan, ta shaida musu cewa an gano kashi tara na wasan talabijin ɗin nan da ake kira Doctor Who, waɗanda aka yi kusan shekara arba'in ana lissafa su cikin abin da ya salwanta. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne wurin da aka same su, domin kuwa a Jos ne, cikin gwangwanayen fim da ke jibge a kan kanta a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin, inda wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya ɗaukar wa kansa bin tashoshin Afirka yana neman tsofaffin finafinai, ya hangi sunan wasan a rubuce a jikin ɗan ƙyallen da aka manna. Ni da nake wannan rubutu daga Bantama ta Kumasi ina cikin masu sha'awar wasan, kuma nufina in yi wa mai karatu bayanin ɗaya daga cikin labarai biyun da aka tsinto, saboda hikayar da ke cikinsa da hikayar ɓacewarsa sun taru a kan mas'ala guda, wadda Hausawa suka daɗe da yanke mata hukunci da suka ce gani ya kori ji.

Shi dai wannan wasa an soma nuna shi a Ingila ran 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka. Jigonsa wani bawan Allah ne da ba a san sunansa ba sai dai a ce masa Dakta, wanda ba ɗan wannan duniya ba ne, yana yawo tsakanin zamunna da taurari cikin wani akwati irin na kiran 'yan sanda, wanda cikinsa ya fi wajensa faɗi nesa ba kusa ba. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta, sa'an nan Patrick Troughton ya gaje shi daga 1966 zuwa 1969. A wancan zamani faifan ɗaukar hoton talabijin yana da tsadar gaske, babu kuma wanda ya yi tsammanin wata rana za a riƙa sayar wa mutane wasa su kalla a gida, saboda haka wani lokaci bayan an nuna kashi sai a shafe faifan a ɗauki wani abu a kansa. Kafin a shafe kuwa, sai a kwafe shi a kan fim mai faɗin milimita 16 domin sayarwa ga ƙasashen waje, tasha ta nuna ta miƙa wa tasha, ƙasa ta miƙa wa ƙasa, bisa sharaɗin cewa wadda ya ƙare a hannunta za ta mayar da shi Landan ko ta ƙone. Ghana, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe gidan talabijin ɗinta ran 31 ga Yuli, 1965, tana cikin ƙasashen da suka sayi labaran farko na zamanin Hartnell. Tashar Jihar Binuwai da Filato da ke Jos kuwa ta karɓi waɗansu na zamanin Troughton a tsakiyar shekarun 1970. Can a Landan aka ci gaba da zubar da kwafe-kwafen da ke hannu har wajen 1978, a Jos kuwa babu wanda ya mayar, babu wanda ya ƙone. Da wannan saɓa sharaɗi aka tsira da abin da masu shi suka halaka da hannunsu, adadin abin da ya ɓace ya sauko a lokacin daga kashi 106 zuwa 97.

Labarin da nake nufi sunansa The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya. David Whitaker ya rubuta shi, Barry Letts ya ba da umarni, an nuna shi kashi shida daga 23 ga Disamba, 1967, zuwa 27 ga Janairu, 1968. Kafin gano na Jos, kashi na uku kaɗai ke hannun BBC, sauran biyar ɗin sai muryoyinsu, waɗanda masu sha'awar wasan suka ɗauka da rakodojinsu a gida ranar da aka nuna. Kashi na ukun nan kuwa, Allah Ya ƙaddara shi ne mafi rauni a cikin shidan: yawancinsa ana tsare da wani babban ma'aikaci mai suna Denes a baranda, ba don komai ba sai don wai nan ya fi sauƙin gadi, sauran kuma a ɗakin girki ne, wurin wani kuku mai yawan mita da ake kira Griffin. A kan wannan kashi ɗaya, da muryoyin da babu fuska, masu sharhi suka gina hukuncinsu shekara da shekaru, wannan ya rawaito daga wancan, har ya zama kamar ijma'i cewa labarin bai kai sa'o'insa ba, tun da babu dodo a cikinsa alhali sauran labaran wannan shekara cike suke da dodanni. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya yanke wa huhun goro kuɗi saboda ƙwaya ɗaya da ta faɗo daga gefe, ita ma mai tsutsa. Ranar da aka ga kashi na farko, da Dakta yana tsalle cikin teku kamar yaro, da jirgi mai saukar ungulu yana kwashe shi da abokan tafiyarsa daga bakin gaɓa ana bin su da harbi, sai ijma'in nan ya warware, waɗanda suka daɗe suna kushewa suka koma yabo.

To, ga yadda hikayar take. Dakta da abokan tafiyarsa biyu, Jamie da Victoria, sun sauka a gaɓar Ostireliya a shekarar 2018, wadda a wurin marubucin shekara hamsin ce nan gaba, a wurinmu kuwa ta riga ta wuce. Suka tarar da duniya tana yabon wani mutumin Meziko mai suna Salamander, wanda ya ƙago hanyar tara hasken rana da tauraron ɗan'adam yana shiryar da shi zuwa gonaki, har ya kawar da yunwa daga ƙasashe da yawa. Yana kuma da wata baiwa mai ban mamaki, ta faɗin inda girgizar ƙasa ko aman wutar dutse za su auku tun ba su auku ba, kuma duk yankin da bala'in ya faɗa wa, sai a wayi gari mai mulkinsa ya faɗi, yaron Salamander ya hau. Sai aka yi dace kamanninsa da na Dakta ɗaya ne, Troughton ne ya fito a matsayin su biyun. A nan ne ji ya fi cutar masu hukunci, gama rakoda ta riƙe sauyin murya kaɗai, ba ta riƙe yadda mutum ɗaya yake sauya tsayuwa da kallo da murmushi ba, har ka ga Dakta yana kwaikwayon Salamander ka gane kwaikwayo ne, ka ga Salamander yana kwaikwayon Dakta ka gane shi ma kwaikwayo ne.

Wurin da na fi so mai karatu ya tsaya shi ne kashi na huɗu da na biyar. Bayan an shafe kashi uku da rabi ana zaton labarin leƙen asiri ne kurum, sai Salamander ya shiga ɗakin ajiyar takardu na tasharsa ta bincike da ke Kanowa, ya kulle ƙofa, ya kwanta cikin wata 'yar na'ura, ta zurara da shi can ƙarƙashin ƙasa. A can akwai jama'a, maza da mata, waɗanda suka yi kusan shekara biyar ba su ga rana ba, domin ya gaya musu an yi yaƙin nukiliya, doron ƙasa ya cika da guba, shi kaɗai yake sadaukar da ransa ya hau ya samo musu abinci. Yana isa ya yi tangaɗi kamar wanda gubar ta taɓa, ya hana su matsowa kusa da shi wai don tausayinsu, su kuwa suna yi masa kallon mai ceto. Su ne kuma, da na'urorinsu, suke tayar da girgizar ƙasa da aman duwatsun nan, bisa imanin cewa maƙiyan da suka haddasa yaƙin suke yaƙa, alhali talakawa suke kashewa a gonakinsu. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Abin da ya same su shi ne duk labarin duniya ta bakin mutum ɗaya yake iso musu, kuma mutumin nan shi ne mai ciyar da su, ga shi kuwa yana da wuya ƙwarai mutum ya tuhumi riwayar wanda tuwonsa ke hannunsa.

Abin da ya rushe wannan gini duka ɗan guntun jarida ne. Shugabansu, wani dattijo mai suna Swann, yana duba akwatunan abincin da aka sauko da su, sai ya ga yankin takarda ya manne a jikin ɗaya, da kwanan wata na kusa, yana ba da labarin nutsewar wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa. Ya tsaya yana juya takardar nan a hannu. Duniyar da ta ƙone, wa ke buga jarida a cikinta, wa kuma ke da sukunin hawa jirgi don shaƙatawa? Ya tunkari Salamander, shi kuwa nan take ya ƙaro wata ƙaryar a kan ta farko, Swann ya ce shi dai a kai shi sama ya gani da idonsa. Aka kai shi, aka sauke masa ƙarfe a ka cikin kogo, amma bai cika ba sai da ya shaida wa wata mata mai suna Astrid cewa akwai mutane a ƙasa.

Halin Dakta a cikin labarin shi ma abin lura ne, kuma a ganina shi ne abin da ya ɗaga wannan labari sama da na dodanni. Tun a kashi na farko wani mai suna Giles Kent ya tsare shi da rantse-rantse cewa Salamander azzalumi ne, ya shiga kamanninsa ya tona masa asiri. Dakta ya ce ba zai ɗaga hannu a kan mutumin da duniya ke gani mai alheri ba sai an kawo hujja, ya yi ta jan ƙafa har mai kallo ya fara jin haushinsa. Almajirin da ya karanta Suratul Hujurati ya san umarnin da aka yi na bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. A kashi na ƙarshe sai ta bayyana cewa Kent ɗin nan abokin ƙulla makircin ne tun asali, da shi aka kai mutanen ƙarƙashin ƙasa, kujerar Salamander yake so. Maganarsa a kan Salamander gaskiya ce, amma da Dakta ya karɓe ta ba bincike, da ya kawar da azzalumi ya naɗa azzalumi.

Ba na cewa labarin ba shi da aibi. Ƙarshensa an yi shi da gaggawa, haɗuwar Dakta da Salamander fuska da fuska, wadda aka yi kashi shida ana jira, ba ta wuce 'yan mintoci ba, sai ga Salamander iska ta fizge shi ta ƙofar akwatin Dakta da ya tayar ba tare da ya rufe ba. Fariah kuma, baƙar mace mai ɗanɗana masa abinci don gudun guba, wadda Carmen Munroe ta fito a matsayinta da kwarjini irin wanda ba a saba bai wa baƙar mace a talabijin ɗin Ingila na wancan zamani ba, an kashe ta tun a kashi na huɗu, lokacin da labarin ya fi bukatarta.

Mu mutanen Kumasi bai kamata wannan al'amari na Jos ya zame mana baƙo ba. A nan Bantama ne hubbaren sarakunan Asante yake a da, wanda sojan Ingila suka rushe a 1896, abin da ke wuri ɗaya kuwa rana ɗaya ta ishe shi. Amma takardun Musulmin Kumasi na farkon ƙarni na 19, wasiƙu da addu'o'i da laƙunƙuna cikin Larabci, waɗanda ake kyautata zaton an kwashe su ne a yaƙin Katamanso na 1826, suna nan har yau a ɗakin karatu na sarauta da ke Kopanhegan ta ƙasar Danmak, kuma da su masana suke tabbatar da abin da a da sai dai a ji a bakin Turawan da suka ziyarci fadar Sarkin Asante Osei Bonsu. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, sun wanzu ne saboda almajirai sun yi ta kwafa suna kai wa zango-zango, har Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 tana ɗaukar hotonsu. A ɗaya gefen kuma, gobarar da ta tashi a gidan rediyo da talabijin na Ghana a 1989 ta cinye ɗakin ajiyar finafinansa, da abubuwa masu yawa na zamanin Nkrumah da ba su da kwafi a wani wuri.

Labari na biyun da aka samo a Jos, The Web of Fear, na dodanni ne a hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan, kuma bai dawo cikakke ba: Morris ya ce ya ga kashi na uku a kan kantar tare da sauran, amma kafin a kammala mayar da su ya yi ɓatan dabo. Wanda ya san inda gwangwanin nan ya shiga, don Allah ya yi magana. Ku kuma 'yan'uwa na zangon Kumasi, daga Bantama har Aboabo da Asawase, wanda yake da kasakasan tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ko bidiyon Mauludi da na naɗin sarauta, ko gafakar takardun kakansa, kada ya jira damina ta shiga ɗakin. Ya ba yaran gida su ɗauka da waya ko kwamfuta, a yi kwafi uku, a aika ɗaya wani gari.