Ƙidayar Tsuntsaye a Dajin Amurum da Amfaninta ga Manomi

Gabatarwa

Dajin Amurum yana ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Keɓaɓɓen daji ne mai faɗin kimanin hekta 300, wanda ya haɗa duwatsu da kurmin bakin rafi da filin ciyawa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. A shekarar 2015 cibiyar ta soma shirin ƙidayar tsuntsayen Nijeriya, wanda 'yan sa-kai ke gudanarwa. Kai ma manomi ko malamin gona kana iya shiga.

Me ya sa ake ƙidayar?

Ba kowane tsuntsu ne abokin gabar manomi ba. Jan-baki yana ɓarna a dawa da gero da shinkafa. Amma balbela tana cin fara, mujiya tana rage ɓeraye, ungulu kuma tana kawar da mushe. Yawan ungulu ya ragu ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Idan ka zuba guba ko ka ƙone daji ba tare da lura ba, masu taimakonka za ka fara hallakawa, kwari da ɓeraye su samu sarari. Ƙidaya ce ke nuna wane iri ke raguwa, wane ke ƙaruwa, kuma a ina.

Yadda ake yi

An rarraba taswirar ƙasa zuwa murabba'ai, kowanne kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi.

1. Ka zaɓi murabba'in da gonarka take ciki.
2. Ka fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka.
3. Ka yi aƙalla awa 2 kana zagayawa gona da fadama da bakin daji.
4. Ka rubuta kowane iri da ka gani ko ka ji kukansa, tare da kwanan wata. Ana amfani da manhajar waya ta BirdLasser wajen aika bayanan.
5. Kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba.
6. Ka maimaita da damina da rani, domin wasu baƙi ne, kamar shamuwa mai zuwa gabanin damina.

Shawara ga malaman gona

Ku haɗa manoman yankinku da ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye na Jos domin samun horo. Ku kuma ja hankalinsu su guji saran itace da farauta a Amurum, su bar 'yan itatuwa a gefen gonakinsu domin tsuntsaye su samu wurin sheƙa.