Sirrin Hukuma da Asirin Talaka: Nazarin Dokokin Tsaro ta Fuskar Rikicin Zariya na 2015

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda dokokin Nijeriya suka shata iyaka tsakanin abin da hukuma za ta ɓoye da sunan tsaro, da abin da za ta leƙa na rayuwar jama'a, da abin da ya wajaba ta bayyana. An ɗauki rikicin Zariya na Disambar 2015 a matsayin ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Tsarin gidan gargajiya a birnin Zariya ya ishi mai nazari ya gane matsayin asiri a wurin Bahaushe. Zaure na kowa ne, shigifa sai wanda aka yi wa iso, cikin gida kuwa ba a faɗa masa sai da sallama da izini. Shi ya sa rufin asiri ya zama addu'a, tonon asiri ya zama abin kunya. Haka kuma Bahaushe ya yarda akwai maganar da ake riƙewa, domin ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. To amma shari'a da sha'anin jama'a a zaure ake yin su, gaban shaidu. Tambayar ita ce: a yau wane ɓangare ke cikin gida, wane ne kuma aka bari a zaure?

2.0 Abin da Dokoki Suka Tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Sashe na 39 ya ba shi 'yancin karɓa da yaɗa bayanai. Sai dai sashe na 45 ya halatta taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro da zaman lafiya, muddin dokar da ta taƙaita su karɓaɓɓiya ce a tsarin dimokuraɗiyya.

Ta wannan ƙofa dokoki biyu masu karo da juna suka shigo. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya fitar da takardar da aka yi wa hatimin sirri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta wajabta wa ma'aikatu amsa buƙatar bayani cikin kwana 7. Sashenta na 11 ya ware sha'anin tsaro, amma ya hana ƙin ba da bayani idan maslahar jama'a ta rinjayi illar bayyanawa. Sashe na 28 kuma ya nuna hatimin sirri shi kaɗai bai isa hujja ba.

Ta fuskar leƙen asiri, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tilasta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara 2. Ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa na 2019 sun ba hukumomin tsaro damar tatsar hirar waya da izinin alƙali, a halin gaggawa ma su fara tatsa, su nemi izinin cikin awa 48.

3.0 Zariya, Disamba 2015

Ranar 12 ga Disamba 2015 ayarin Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftana Janar Tukur Buratai, ya iske mabiya Harkar Musulunci sun tare hanyar Sakkwato kusa da Husainiyya. Rundunar ta ce an yi yunƙurin kashe shi, Harkar ta musanta. Farmakin da ya biyo baya ya kai har Gyallesu, daf da ganuwar birni, inda gidan Sheikh Ibrahim Zakzaky yake.

Wata huɗu aka yi babu cikakken adadin mamata daga hukuma. Sai a Afrilun 2016 Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, Balarabe Abbas Lawal, ya shaida wa hukumar bincike ta Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a yankin Mando: 191 daga barikin horar da sojoji na Zariya, 156 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A watan ne ƙungiyar Amnesty International ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam na wurin da ake zaton kabarin yake. Harkar ba ta halarci zaman hukumar ba, bisa ƙorafin an hana lauyoyi ganin jagoranta. Rahoton da aka wallafa a Agustan 2016 ya ɗora wa ɓangarorin biyu laifi, ya kuma nemi a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan.

Abin lura shi ne, adadin 347 bai tona wani shirin yaƙi ba, bai kuma jefa wani jami'i cikin haɗari ba. Iyalan da ke cigiyar 'ya'yansu su ne ɓoyon ya cutar, domin an hana su sutura da salla da sanin kabari.

4.0 Matsayin Kotu

Ranar 2 ga Disamba 2016 Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya, Abuja, ya yi watsi da hujjar Hukumar Tsaron Farin Kaya cewa tana tsare da Zakzaky da matarsa Zeenah ne don kare lafiyarsu. Ya umarci a sake su cikin kwana 45, a biya su diyyar naira miliyan 50. Ba a bi umarnin ba. A Agustan 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa taron Ƙungiyar Lauyoyi cewa tsaron ƙasa na gaba da bin doka, yana jingina da hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Dokubo-Asari. Amma a waccan shari'a kotu ce ta auna hujja ta hana beli, ɓangaren zartarwa bai yanke wa kansa hukunci ba. Sai ranar 28 ga Yuli 2021 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallami ma'auratan.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a takarda bayyanawa ce asali, ɓoyewa kuwa togaciya ce da sai an kare ta gaban alƙali. A aikace lamarin ya juye: wayar talaka tana zaure, takardun hukuma suna ƙuryar ɗaki. Gyaran yana buƙatar daidaita dokar 1962 da ta 2011, da wallafa yawan izinin tatsar waya da kotuna ke bayarwa kowace shekara. Manazarta Hausa ma suna da aiki: fassara dokar 2011 da daidaita kalmominta, ta yadda mazaunin Kwarbai ko Limancin Kona zai iya rubuta takardar neman bayani, ya san yana da kwana 30 na kai ƙara idan aka hana shi.