Lada da Kariya ga Mai Fallasa Zamba a Kuɗin Magani: Tsokaci a Kan Dokar Amurka

1.0 Gabatarwa

Zambar da ake yi wa gwamnati a takardun kuɗin asibiti da alƙalami ake yin ta, a cikin ofis, kuma wanda ya san yadda aka ƙulla ta galibi ma'aikacin wurin ne. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda dokar Amurka ta tanadi lada da kariya domin irin wannan ma'aikaci ya iya buɗe baki.

2.0 Asalin Dokar

An kafa Dokar Da'awar Ƙarya a shekarar 1863, zamanin Shugaba Abraham Lincoln, lokacin da 'yan kwangila ke sayar wa sojojin gwamnati rubabben abinci da dabbobi marasa lafiya a yaƙin basasar ƙasar. Dokar ta ɗauki wata tsohuwar ƙa'ida ta shari'ar Ingila mai suna qui tam da Latinanci, wato mutum ya shigar da ƙara a madadin hukuma da kuma kansa, a ba shi kaso daga abin da aka ƙwato. An rage mata ƙarfi a 1943, sannan aka sake ƙarfafa ta a 1986 bisa jagorancin Sanata Charles Grassley da ɗan majalisa Howard Berman.

A tsakanin waɗannan shekaru, wato a 1965, aka kafa shirin Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. A shirye-shiryen biyu asibiti ne ke yin magani, ya aika wa gwamnati takardar neman biya. A nan zamba ke shiga: neman kuɗin aikin da ba a yi ba, ko rubuta ƙaramar cuta a matsayin babba, ko ba likita toshiyar baki don ya turo marasa lafiya.

3.0 Lada

Mai fallasa yana shigar da ƙara a kotun tarayya a asirce, a bar ta a rufe na aƙalla kwana 60 domin Ma'aikatar Shari'a ta yi bincike. Idan laifi ya tabbata, mai zamba zai biya ninki uku na asarar da ya jawo, ban da tara a kan kowace takardar ƙarya. Idan gwamnati ta karɓi ƙarar, kason mai fallasa kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ne. Idan ta bar shi ya ci gaba shi kaɗai ya kuma yi nasara, kashi 25 zuwa 30. Sai dai wanda ya riga shigar da ƙara shi ke da haƙƙi, kuma wanda ya kwaso labarin da ya riga ya bazu ba ya samun komai, in ba shi ne tushensa ba.

Misali sananne shi ne na kamfanin asibitoci na HCA, wanda ya biya kimanin dala biliyan 1.7 a sasantawar 2000 da 2003. Cikin masu fallasa akwai James Alderson da John Schilling, masu aikin lissafin kuɗi da suka ga yadda ake kumbura rahoton kashe kuɗi.

4.0 Kariya

Lada kan zo ne bayan shekaru, alhali kora daga aiki na iya zuwa cikin mako guda. Saboda haka gyaran 1986 ya haramta wa mai gida korar ma'aikaci, ko rage masa matsayi, ko tsangwamarsa don ya yi fallasa. Wanda aka yi wa haka yana da ikon neman a mayar da shi aikinsa, a biya shi ninki biyu na albashin da ya rasa, tare da kuɗin lauya.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa dokar ta dogara ne a kan lada da kariya tare. A Nijeriya, tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disamba 2016 ya yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100, amma manufar gwamnati ce, ba dokar majalisa ba, don haka kariyarsa ba ta kai waccan ƙarfi ba.

Akwai kuma batun suna, wanda ya shafi manazarta harshe. Kalmomi irin su "ɗan tsegumi" da "magulmaci" suna ɗauke da zargi, domin a al'adar Bahaushe rufin asiri abin yabo ne. Wanda ya tsaya gaban alƙali da hujja a hannu, yana sane da cewa abincinsa na iya yankewa, ya fi dacewa a kira shi "mai fallasa zamba", domin sunan ya ɗora aibin a kan mai laifi.