SHANYEWAR ƁARIN JIKI: KADA A AIKA DA ASFIRIN GIDA SAI LIKITA YA CE

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, musamman mutanen Nguru da Gashuwa, sun saba in aka aiko cewa ɓarin jikin tsoho ya shanye, sai a ruga kemis a sayi asfirin a ba direban mota ya kai gida. Niyyar ta alheri ce, amma akwai haɗari a ciki.

Cutar nan iri biyu ce. Akwai wadda jini ke daskarewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa. Asfirin yana hana ƙananan ƙwayoyin jini mannewa da juna, saboda haka yana taimakon mai toshewa, amma mai fashewa zubar jinin zai ƙara masa. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar fashewa ce ta same su, kuma hawan jini shi ne babban musabbabi. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa.

Sai kuma maganar sinadarin yurik, watau dattin da jiki ke fitarwa, wanda ƙoda ke zubar da mafi yawansa ta fitsari. In ya wuce miligiram 7 cikin desilita ga namiji, ko 6 ga mace, to ya yi yawa. Shi ne ke kumbura babban ɗan yatsan ƙafa da zafi mai tsanani. Kayan ciki, da jan nama, da giya, da lemon kwalba duk suna ƙara shi. Sau da yawa tare yake tafiya da hawan jini da ciwon ƙoda, ga shi kuwa ƙasar Bade ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda.

Ƙaramin asfirin na miligiram 75 yakan ɗan rage wa ƙoda fitar da yurik. Duk da haka, wanda likita ya ɗora a kansa kada ya daina don ƙafa ta kumbura. Likita na iya ƙara masa alofurinol, ko ya musanya masa da kilofidogirel. Abin gudu shi ne haɗa asfirin da ibufurofen ko dikulofenak, domin suna lalata ƙoda, suna sa ciki zubar da jini.

Saboda haka, 'yan'uwa, in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin gwamnati na Gashuwa. Kuɗin da za a kashe a kemis gara a aika da shi don kuɗin mota da awon jini da na ƙoda. Ku ma da ke nan ku riƙa auna hawan jininku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.