Karatun Digirin Jinya a Jami'o'in Nijeriya da Matsayin Harshen Marar Lafiya a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa kalmar "majinyaci" tana ɗauke da ma'ana biyu. Ana kiran wanda ke kwance ba shi da lafiya majinyaci, ana kuma kiran ɗan'uwansa da ya shimfiɗa tabarma kusa da gadonsa da wannan suna. Shi kuwa wanda ya koyi aikin a makaranta, sai Bahaushe ya ari kalmar "nas" ya laƙaba masa, ko ya ce malamin asibiti. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake karatun digirin farko na aikin jinya a jami'o'in Nijeriya, da abin da ake son wannan digiri ya koya wa ɗalibi, sannan a nuna yadda cikar wannan buri ta rataya a kan harshen da marar lafiya yake magana da shi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Horar da ma'aikatan jinya a makaranta ta zamani ya samo asali daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St. Thomas da ke Landan a shekarar 1860. A Nijeriya kuwa, asibitocin mishan da na gwamnatin mulkin mallaka su ne suka fara koyar da aikin, ɗalibi yana koyo yana aiki. An kafa hukumar kula da ungozomomi a 1930, ta ma'aikatan jinya kuma a 1947, daga baya doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta haɗe su suka zama Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. A 1952 aka buɗe makarantar koyon jinya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda Kofoworola Pratt ta yi aiki kafin ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa.

Jami'ar Ibadan ce ta fara shigar da jinya cikin karatun jami'a a shekarar 1965. Sai dai a lokacin ƙwararrun nas-nas kawai take ɗauka, domin ta samar da malamai da shugabannin aikin. Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ita ce ta fara ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare a 1973. A yau jami'o'in Arewa irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk suna ba da wannan digiri.

3.0 Shiga da Tsarin Karatu

Mai son shiga dole ya sami kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, wato Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, sannan ya ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa, saboda masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba. Karatun shekara biyar ne. Wanda ya riga ya yi makarantar jinya ta shekara uku ya sami rajista, galibi yakan fara ne daga aji na biyu.

A shekarar farko ɗalibi ba ya ganin ɗakin marasa lafiya, darussan kimiyya yake yi tare da sauran ɗalibai. A ta biyu ne yake shiga ilmin ƙirar jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓi ke aiki da ilmin ƙwayoyin cuta, ana kuma koya masa tushen aikin: gwada zafin jiki da bugun jini, gyaran gado, wanke ciwo, juya wanda ba ya iya motsi don kada jikinsa ya gyambace. Daga shekara ta uku zuwa ta biyar sai ilmin magunguna, da jinyar manya da ta waɗanda aka yi wa tiyata, da kula da mai ciki da jariri, da jinyar masu taɓin hankali, da kiwon lafiyar al'umma. A wannan mataki lokacin ɗalibi a rabe yake tsakanin aji da asibiti, har da kwanan aiki da zama a ƙauye. A ƙarshe yakan rubuta kundin bincike.

Hukumomi biyu ne ke sa ido a kan karatun. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana tantance digirin, hukumar jinya da ungozoma kuma ita ke shirya jarrabawar rajista, wadda in babu ita ba a ba mutum lasin taɓa marar lafiya ko da ya ci jarrabawar jami'a. Ɗalibi yakan zauna ta jinya a shekara ta huɗu, ta ungozoma a ta biyar. Bayan an gama akwai horon shekara ɗaya a asibiti, wanda aka amince da shi a 2016, sannan bautar ƙasa.

4.0 Abin da Digirin Ke Nufi

Da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka aikin nas shi ne yin allura da miƙa maganin da likita ya rubuta. Abin da jami'a take son ta samar ya wuce haka. Ana koya wa ɗalibi bin matakai biyar a kan kowane marar lafiya: ya bincika halin da yake ciki, ya gano matsalarsa, ya tsara kulawar da ta dace, ya aiwatar, sannan ya auna ko an sami biyan bukata. Likita yakan zagaya ya wuce, nas ce ke kwana da marar lafiya, ita ce za ta fara lura idan numfashi ya sauya ko jini ya ɓalle wa mai jego. Idan aka duba, matakai huɗu na baya duk sun dogara ne a kan na farko, shi kuwa na farko rabinsa tambaya ce da sauraro.

5.0 Matsalar Harshe

Da Ingilishi ake yin lacca, da shi ake rubuta littattafai da jarrabawa, amma ba da shi mafi yawan marasa lafiya suke faɗin ciwonsu ba. Aiki ya kawo ni wannan sashe na ƙasa da ba a jin Hausa sosai, saboda haka akan nemi in yi tafinta idan an kwantar da wani daga Sabo. Wata rana wata ɗalibar jinya ta kira ni wurin wata tsohuwa da aka rubuta cewa zuciyarta na bugawa da sauri. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ɗana, zuciyata ce ke tashi tun jiya." Jikanta ne ya fassara maganar kalma da kalma, alhali tsohuwar amai take ji.

Irin wannan yana da yawa. Kalmar "sanyi" tana iya nufin mura ko ciwon gaɓoɓi ko ciwon mara na mata. Macen da ta ce ta yi "ɓatan wata" tana nufin mai yiwuwa ciki gare ta, wadda kuma ta ce "ba ta salla" al'adarta take gani. Bahaushe ko yana cikin matsanancin ciwo, in aka gaishe shi zai ce "da sauƙi", domin haka ladabin amsa yake. Mai cikin fari kuwa kunya takan hana ta faɗin cewa naƙuda ta taso. Nas ɗin da ba ta san waɗannan ba za ta rubuta abin da ta ji, ta gina sauran matakan a kansa. Ko ɗalibi Bahaushe ma bai tsira ba, don sau da yawa ya san sunan cuta da Ingilishi amma ya rasa yadda zai bayyana wa mahaifiyarsa ita. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma sai an ji abin da mai ɗakin yake faɗa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda karatun jinya ya tashi daga koyo a bakin aiki ya kai ga digirin shekara biyar, da yadda wannan digiri yake ɗora wa mai shi nauyin bincike da yanke shawara. Saboda haka muna ba da shawara sassan koyar da jinya su haɗa hannu da sassan harsunan Nijeriya, a shirya wa ɗalibai darasin magana da marar lafiya cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan yankin da jami'a take. Haka kuma ya kamata masana harshe su shiga ɗakunan jinya su tattara kalmomin da jama'a suke amfani da su da bakinsu, a tace su tare da ma'aikatan lafiya, a buga su cikin ɗan littafin da ɗalibi zai iya riƙewa a aljihu lokacin da yake bakin aiki.