Jar Dara Ba Ta Je Dajin Burma Ba

A gwanjon kayan soja na Landan da shafukan cinikin intanet, kayan rundunar Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, wato RWAFF, suna da masu nema. Lugga ne ya kafa tushenta a 1897, kuma Hausa ce harshen da dakarunta na Najeriya suka fi amfani da shi a bariki. Inda kuwa aka sami masu saye, ’yan jabu ba sa nisa, kuma jita-jita ce jarinsu.

Wadda ta fi yawo ita ce ta hula. Dillali zai ɗaga jar dara mai tuntu ya rantse da ita aka yi yaƙin Burma. Gaskiya ne sojan RWAFF ya sa jar dara, da ’yar shara ja mai rawayan baki, da jar ɗamara a kan kaki, amma wannan shigar fareti ce. Dakarun runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da suka yi gumurzu da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, malafa mai faɗin baki suka sa da koren kaki na daji. Wa zai shiga surƙuƙi da jan abu a ka, ga maharba na jira? Darar tana iya zama tsohuwa ta gaske, labarin da aka jingina mata ne ƙarya.

Alamun kafaɗa sun fi faɗin gaskiya. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Alamar hula bishiyar kwakwa ce da haruffa a ƙasanta, kuma harafin farko yana tona asiri: sai a 1928 aka ƙara wa sunan rundunar R na sarauta. Duk wanda ya ce alamarsa mai RWAFF ta ga yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, ya yi wa tarihi tsallaken shekara goma sha biyu.

Akwai masu cewa lambar yabo marar suna jabu ce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya da gaskiyarsu, domin Birtaniya ta buga suna da lambar soja a jikin lambobin. A na Biyu kuwa ta raba su babu suna, har da Tauraron Burma mai tsini shida. Ƙasashe irin su Indiya, Ostareliya da Afirka ta Kudu ne suka buga wa nasu suna. Saboda haka tauraron da ɗan mazan jiya ya bari a akwati, bayansa sumul, haka aka ba shi. Abin dubawa shi ne kaifin zanen haruffa da na kambi, tun da akwai kwafi da ake sayarwa a fili ga waɗanda tasu ta ɓata.

Hatimin kibiya mai yatsa uku, alamar kayan gwamnatin Birtaniya, shi ma an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. An daɗe ana buga shi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, an ci gaba bayansa, kuma mai sassaƙa hatimin roba zai yi irinsa kafin la’asar. Ƙwararru sukan juya rigar ciki waje, su nemi ƙyallen da ke ɗauke da sunan masana’anta da shekara da awo, sannan su tambayi sauran sassan ko sun yarda da shekarar. Rigar da aka rubuta wa 1943 amma maɓallanta na ɗauke da kambin Sarauniya Elizabeth, wanda ya shigo daga 1953, ko alamarta ta sanholo ce mai ƙyalli irin ta shekarun 1950, to ko dai an yi mata kwaskwarima ko haɗe-haɗe ce.

Sai fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Ana cewa duk ƙyallen da ya haska a ƙarƙashinta sabo ne. Rabin gaskiya ke nan. Sinadarin ƙara wa yadi fari ya bazu ne bayan yaƙi, don haka farin zaren da ya haska abin tuhuma ne. Sai dai garin sabulun wanki na zamani yana ɗauke da wannan sinadari, rigar 1944 da aka wanke da shi sau ɗaya za ta haska fes. ’Yan jabu kuma sun koyi neman tsohon zare. Gwajin wuta ya fi: a zare sili ɗaya daga cikin kalmasa a ƙona, ulu zai yi ƙaurin gashi ya murmushe, zaren roba ya narke ya dunƙule.

Batun alamar tagulla ya fi rikitarwa. Ta masana’anta bugawa ake yi da inji, zanen gaba ya fito a baya a lotse, tsaf. Ta jabu sau da yawa zubi ce, da ƙananan ramukan iska da gefe mai kaushi. Amma a lokacin yaƙin maƙeran kasuwannin Indiya da Masar sun zuba wa sojoji alamu a yashi, kuma an sa su a bakin daga. Zubi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba.

Tsatsa da dauɗa kuwa su ne mafi arahar ƙarya: a jiƙa yadi da ruwan shayi, a binne hular kwano damina guda. Tsufan gaske yana bin inda jiki ya taɓa, wuyan riga, bakin aljihu, fatar cikin hula inda gumin goshi ya zauna. Wanda ya gaji irin wannan kaya, kada ya wanke, kada ya goge tagullar, kuma ya ajiye su tare da littafin sallama da hotunan mai su, domin lambar sojan da ke cikin takardar ita ce za a iya bi a tantance.