Yadda Na'urar Kunne Ke Tsamo Magana Daga Cikin Hayaniya

Akwai wani kuka da likitocin kunne suka saba ji daga bakin dattawa, watau suna jin ana magana amma ba sa gane abin da ake faɗa. A cikin ɗaki, shi da mutum guda, dattijo yana hira sarai. Amma da zarar an je ɗaurin aure ko zanen suna, ko kuwa an shiga kasuwa, sai magana ta dagule masa. Ya yi ta cewa "na'am?" har kunya ta kama shi, ya koma gyaɗa kai kawai. Daga nan sai ya fara ƙaurace wa taro, 'yan'uwa kuwa su ɗauka girman kai ne ko rikicin tsufa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021, ta ce mutane fiye da miliyan 1,500 ne ke da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimakon masana.

Tushen abin yana can cikin kunne, bayan dodon kunne, a wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 16,000, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsufa da yawan ƙara suna kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tofowa. Waɗanda suka fi saurin mutuwa su ne masu kama siririn sauti, irin na baƙaƙen s, f, sh da ts. Saboda haka mai wannan rauni yana jin wasulan kalma daram, amma sara da fara da shara da tsara duk sai su zame masa abu guda. A wuri shiru ƙwaƙwalwa takan cike giɓin da hasashe. A cikin hayaniya kuwa ɗan abin da ya rage ma sai ya nutse.

Na'urorin da, aikinsu ɗaya ne, su ƙara wa sauti ƙarfi. To, ƙarin ƙarfin kan hau kan komai, muryar mai magana da rurin janareto da ƙarar injin niƙa baki ɗaya. Shi ya sa da yawa suka saya, suka gwada kwana biyu, suka jefa cikin akwati. Sauyi ya zo ne a wajajen shekarar 1996, sa'ad da na'urori masu 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki suka shiga kasuwa. Tun daga nan abin da masana suka sa gaba shi ne muryar da ake so ta rinjayi hayaniyar da ke kewaye da ita.

Dabara ta farko ita ce makirfo biyu. Ana dasa su a jikin na'urar, ɗaya gaba ɗaya baya, tsakaninsu bai wuce faɗin yatsa ba. Sautin da ya fito daga gaba yakan riski na gaba tukuna, wanda ya fito daga baya kuwa na baya yake fara riska. Da wannan ɗan bambancin lokaci kwamfutar ke gane inda sauti ya fito, sa'an nan ta danne na baya ta bar na gaba. Wannan ita ce dabarar da aka fi tabbatar da amfaninta wajen fahimtar magana, amma tana da sharaɗi: dole mai na'urar ya fuskanci wanda yake saurara.

Dabara ta biyu ita ce rarrabe sauti. Na'urar takan kasa abin da ta ji kashi-kashi, daga mai kauri zuwa siriri, ta duba kowane kaso. Maganar mutum tana hawa da sauka, tana da tsayawa tsakanin gaɓoɓi, amma ƙugin fanka ko na inji bai ɗaya yake tafiya. Duk kason da ta ga ƙugi ya mamaye sai ta rage masa ƙarfi. Wannan yana rage gajiya ƙwarai, sai dai idan hayaniyar ita ma muryoyin mutane ce, rarrabewa takan yi wuya. Domin maganin haka, sababbin na'urori na 'yan shekarun nan an horar da kwamfutarsu da miliyoyin sautuka, don ta koyi tsamo murya daga cikin surutu.

Haka nan kuma, sa na'ura a kunne biyu ya fi ɗaya, domin ƙwaƙwalwa da kunnuwa biyu take gane inda murya ta fito. Sai kuma batun nisa. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya kan ragu da desibel 6. Shi ya sa aka ƙera ɗan makirfo da malami a aji ko mai jawabi zai maƙala a wuyan riga, ya aika da muryarsa kai tsaye cikin na'urar ba tare da waya ba.

Duk da haka, na'ura ba ta mayar da kunne sabo. Ba a kuma sayenta kamar tabarau a bakin titi, domin raunin kowa daban ne. Sai an auna jin mutum, an daidaita ta a kan awon, sa'an nan a ba ƙwaƙwalwa makonni ta saba. Ana yin wannan awo a sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Iyali ma suna da nasu aikin. Maimakon ɗaga murya, a matso kusa, a fuskanci mutum inda haske ke kan fuska, a yi magana a tsanake, a kuma zaunar da shi ya ba janareto baya. Masu aiki kusa da injuna kuwa su riƙa toshe kunne tun da sauran ji, gama ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa takwas kullum, tana cin kunne a hankali ba tare da ciwo ba.